Kundin sintirin ruwayen Jos: jiran tsuntsayen teku masu ɓatan hanya

Asabar, 7 ga Satumba

Yau aka fara. Mu biyar ne, wurare huɗu: dam ɗin Lamingo, madatsar Yakubu Gowon da ke Shen, tafkin Rayfield, sai tsofaffin kududdufan haƙar kuza guda uku a bayan Bukuru, da muka haɗe su wuri ɗaya saboda kusancinsu. Za a leƙa kowane wuri sau biyu a mako har tsakiyar Nuwamba, a rubuta duk tsuntsun ruwa da aka gani, a kuma sa ido kan na teku da ya kauce hanya. Tsakanin Jos da bakin teku akwai kusan kilomita 600, ga ta a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Duk tsuntsun teku na ainihi da ya sauka a nan baƙo ne na gaske, kuma babu mai yarda da shi sai da hujja.

Ƙa'idar zama ita ce awa biyu cur, daga 6:30 zuwa 8:30 na safe, mai kallo ya ba rana baya. Mun zaɓi awa biyu ne don ya dace da tsarin aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga ke jagoranta, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Abin da muka ƙirga zai shiga can ta manhajar BirdLasser, ko an ga baƙo ko ba a gani ba.

Kayan da ke hannu: tabaron hangen nesa 8x42 guda uku, babban madubi mai ƙafa uku (yana zuƙowa daga 20 zuwa 60) na aro, kyamara ɗaya, da littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Borrow da Demey. An sayi littattafan rubutu biyar masu kauri, fensira (biro yana zubewa da zarar yayyafi ya taɓa takarda), rula ta ƙarfe, safar hannu kwali ɗaya da ledoji masu zif. Duka naira 21,500. Mai na babura biyu, naira 9,000.

Laraba, 11 ga Satumba

Lamingo da Rayfield. Balbela, zalɓe, kirinjijiya 14, zakaran ƙeƙuwa a gaɓa. Babu baƙo.

Asabar, 14 ga Satumba

Zaman yau na suna ne. Mu biyar ba za mu iya tsare ruwa kullum ba, amma masunta, 'yan lambu da masu wankin mota suna bakinsa daga asuba har magariba, kuma ba za ka ce wa masunci ya kira ka in ya ga Sterna paradisaea ba. Sai muka yanke sunayen aiki da kowa zai gane daga siffa. Masu siririn fiffike da jela mai reshe biyu, tsattsewar ruwa. Manyan farare masu kaurin baki da tokar baya, tantabarar teku. Baƙaƙe masu bututu a kan hanci, masu hancin bututu. Babba mai dogon fiffike da jela irin ta shirwa, shirwar teku. Sunan kimiyya yana nan a kundi, wannan na magana da mutane ne kawai.

An buga kati 40 masu hoton rukunin huɗu, aka liƙe su da leda saboda ruwa, naira 16,000. Wani dattijo masunci a Shen ya juya katin ya nuna tsattsewar ruwa, ya ce yana ganinsu duk ƙarshen damina, suna bin bayan kwale-kwale. Muka ce, "Baba, nitso suke da ka, ko tsinta suke a saman ruwa?" Ya ce tsinta suke, kamar kaza a tsakar gida. Amsar nan ta fi hoto amfani, domin tsintar ƙwari a fuskar ruwa halin rukunin Chlidonias ne, na fadama da tafki, masu zuwa daga Turai da Asiya duk shekara. Na teku, rukunin Sterna, tsayawa suke a sama su auna, su faɗo da ka.

Talata, 17 ga Satumba

Kan ƙafar babban madubin ya tsage wajen ɗaure shi a bayan babur. Igiyar roba ce ta matse hannun juyawa, gargadar hanya ta ƙarasa shi. Mai walda ya ce ƙarfen ba ya karɓar walda irin tasu, sai aka ɗaure da faranti biyu da kusoshi masu noti huɗu, naira 4,500. Yana juyawa hagu da dama, sama da ƙasa kuwa da ƙyar. Daga yau a raba madubi da ƙafarsa kafin tafiya, madubin ya shiga jakar goyo.

Asabar, 21 ga Satumba

Tsattsewar ruwa ta farko, guda shida a Shen da ƙarfe 7:10. Mun ɓata kusan awa a kansu, kuma ya kamata, domin wanda bai ƙoshi da ganin na gida ba ba zai gane baƙo ba. Duk shidan Chlidonias leucopterus ne a kamannin da suke yi bayan lokacin hayayyafa: ɗan gajeren baki, baƙin tabo a bayan ido da ya haɗe da na tsakar ka, gindin jela fari-fari, jelar ba ta rabu sosai ba, gefen ƙirji fari tas. Gefen ƙirjin nan shi ne wurin dubawa. Ɗan'uwansa Chlidonias niger yana da baƙin tabo a nan, daidai gaban fiffike, gindin jelarsa kuma toka ne. Shi a teku yake cin lokacin sanyi, a gaɓar Afirka ta Yamma, saboda haka ganinsa a Jos zai zama abin rubutawa da hujja. Na uku, Chlidonias hybrida, ya fi su jiki da kaurin baki.

Abin da ya ba da matsala: bayan 8:45 kawalwalniya ta tashi a kan ruwa, duk abin da ya wuce mita 200 ya zama yana rawa a madubi. Ƙara zuƙowa zuwa 60 ƙara lalata hoton yake. A 30 aka fi gani.

Laraba, 25 ga Satumba

Ruwan sama ya hana Bukuru. Lamingo kawai. Ba sabon abu.

Lahadi, 29 ga Satumba

Mun sauya tsarin fita, kuma ga dalili. Da farko mun ɗauka iska ce za ta kwaso mana tsuntsu daga teku, kamar yadda ake gani a Amurka bayan guguwa, inda ake tsintar tsuntsayen teku a tafkunan da ke can cikin ƙasa. To nan ba haka lamarin yake ba. Manyan guguwowin Atlantika a yammacinmu suke haɗuwa, wajen tsibiran Cape Verde, su nufi yamma, ba su bugun gaɓar Najeriya. Hadarinmu kuwa daga gabas yake tasowa, kowane manomi ya san wannan. Iskar damina mai zuwa daga kudu maso yamma tana kawo laima, amma ba ta da ƙarfin da za ta ɗauko tsuntsu mai lafiya ta kawo shi kilomita 600.

Wanda ya fi yiwuwa ya sauka a Jos shi ne mai ratsa ƙasa daga arewa, yana tafe can sama da dare, ruwa ya tare shi ya sauko kan ruwan farko da ya hango. An san tantabarar teku mai baƙin baya ta yankin Baltik, Larus fuscus fuscus, tana ratsa tudu daga Finland har manyan tafkunan gabashin Afirka. Na biyu shi ne ɗan bana da ya rikice, ya biyo kogi, ga Neja da Binuwai a buɗe kamar titi. Irin waɗannan ba su daɗewa, da gari ya washe sun tashi. Don haka ranakun da aka tsara sun rage zuwa ɗaya a mako, ɗayar fitar ta koma "safiyar bayan ruwan dare": duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi bayan ƙarfe 12, kowa ya nufi ruwan da ya fi kusa da shi kafin 6:15. Wannan zai rage kuɗin mai ma, ko da yake ba don shi aka yi ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Kira na farko daga katin nan. Wani mai gadi a wani gareji a hanyar Bukuru ya ce wajen 3 na dare, ana cikin ruwa, wani tsuntsu mai duhu ya faɗo ƙarƙashin fitila, yana ta fafutuka ya kasa tashi, ƙafarsa "irin ta agwagwa". Duk siffar nan ta yi daidai da masu hancin bututu: fitila tana ruɗa su da dare, ƙafafunsu suna can baya, in sun faɗi a tudu da wuya su tashi. Amma saƙon bai iso ba sai 11 na safe, domin wayar da ke kan katin tana kashe. Kafin a je ya mutu, an jefar da shi a kwata.

An sa safar hannu aka ciro shi, aka wanke laka a hankali. Hancin ba bututu. Yatsun ba a haɗe suke da fata ba, kowane yatsa da nasa faffaɗan leɓe kamar ganye. Jela kusan babu. Ɗan nitson tafki ne, Tachybaptus ruficollis, wanda muke ƙirgawa kullum a Rayfield. Suna tafiya da dare, jiƙaƙƙiyar kwalta mai sheƙi a ƙarƙashin fitila takan yi musu kama da ruwa, su kuma ba su iya tashi sai sun yi gudu a kan ruwa. Da an same shi da rai, magani kawai a kai shi tafki a sake.

Gyara biyu. An ƙara lamba ta biyu a katin da alƙalami, kuma duk mai riƙe da wayar ba zai kashe ta da dare ba. Sannan an rubuta abin da za a faɗa wa mai kira: a lulluɓe tsuntsun da tsumma mai tsabta, a sa shi a kwali mai huji, a ajiye a wuri mai duhu da shiru. Kada a ɗura masa ruwa, kada a ba shi gero ko burodi, kada a taɓa shi da hannu mai mai ko sabulu, domin da gashin ya ɓaci ruwa zai ratsa shi sanyi ya kashe shi. In kuwa matattu ne da yawa a wuri guda, kada kowa ya taɓa, a sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan tun 2006, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a kusa da mu. An ba mai gadin naira 1,000 na kati, ya yi abin da aka roƙe shi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Gwajin awo a kan gawar ɗan nitson, don hannu ya saba kafin ranar da za a buƙata. Hoto shida da rula a gefe: baki daga gefe, baki daga sama, fiffike a buɗe ta sama da ta ƙasa, ƙafa, jela. Awo uku: fiffike a naɗe daga gwiwa zuwa ƙarshen gashi mafi tsawo, baki daga inda gashi ya tsaya, sai ƙwauri. Takardar shaida da fensir, ta shiga cikin leda ta farko, a saka a ta biyu.

Firiza ta ci amanarmu. Wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, gawar ta narke ta fara wari, dole aka binne. Nan gaba za a yanke fiffike ɗaya tun ranar farko, a buɗe shi a kan kwali da allurai, a barbaɗa gishiri a wurin yankan, ya bushe a inuwa inda kyanwa da tururuwa ba su kai. Ajiyar nan ba ƙaramin abu ba ce. A 1953 an tsinci shirwar teku a galabaice a tsibirin Tiree na Scotland, aka ajiye fatarta a gidan tarihi da sunan wani nau'i. Sai bayan kusan shekara 50 aka sake dubawa aka gane Fregata aquila ce, wadda gidanta tsibirin Ascension ne a kudancin Atlantika. Fatar da aka adana ce ta ba da damar gyaran.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ruwa ya sauka daga 1 zuwa wajen 4 na dare. Da 6:20 a kududdufin tsakiya na Bukuru aka ga tsattsewar ruwa guda ɗaya, ita kaɗai, ta fi na Shen tsawo, jela a rabe sosai. Ta tsaya a sama ta faɗo da ka sau uku. Rukunin Sterna ce, babu shakka, kuma 'yar bana: goshi fari, baƙi daga ido zuwa ƙeya, duhu a kafaɗar fiffike. Minti 11 ta yi, ta yi sama ta nufi kudu.

Tambayar ita ce wacce a cikin biyu. Sterna hirundo, wadda ta cika gaɓar Afirka ta Yamma a lokacin sanyi, 'yar banarta tana da kaurin baƙi a kafaɗa da duhun layi a gashin bayan fiffike na kusa da jiki, bakinta da ƙafarta sun fi tsawo. Sterna paradisaea kuwa wannan gashin fari fat ne, baki gajere, ƙafa gajera har in ta sauka kamar a kan cikinta take zaune. Ita ce wadda binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna 'yan Greenland suna cin kimanin kilomita 70,000 a shekara tsakanin ƙarshen arewa da ƙarshen kudu, wasunsu ta gefen tekunmu.

An ɗauki hoto 43, babu ko ɗaya da ya nuna bayan fiffike a fili. Kuskuren namu ne, kuma iri uku ne. Kyamarar tana kan saitin da take zaɓar wa kanta, haske kuma bai fito ba, sai ta sauke saurin ɗauka zuwa 1/125 na daƙiƙa, fiffike ya zama hayaƙi. Mai tashi yana son 1/1600 ko fiye, ko da hoton zai yi ƙura. Na biyu, babban madubin bai iya bin ta sama ba saboda gyaran da aka yi masa. Na uku, mutum biyun da ke wurin duk sun duƙufa kan kyamara, babu wanda ya tsaya da tabarau ya kalli wurin da ake bukata ya zana. Ɗayansu yana ganin fari ya gani, ɗayan bai tabbata ba. An shigar da ita a matsayin "Sterna, ba a tantance nau'i ba". Akwai mai son a rubuta paradisaea da alamar tambaya, ba mu yarda ba, domin alamar tambaya takan ɓace in an kwafi rubutu sau biyu, sunan ya zauna.

Sabuwar ƙa'ida: in mutum biyu ne, ɗaya hoto, ɗaya ido da fensir, yana faɗar abin da yake gani da ƙarfi waya tana naɗar murya. Kada a buɗe littafi sai an gama rubutu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya. An zaga wurare huɗun duka. Chlidonias leucopterus 19 a Shen, masu yawon gaɓa sun ƙaru. Ta ranar Laraba ba ta dawo ba. Mai, naira 13,000.

Talata, 15 ga Oktoba

An turo hoto ta WhatsApp, wai babban tsuntsun teku a "wani dam a Filato". Albatros ne mai baƙar gira, Thalassarche melanophris, a kan dutse, ga ciyawar da ba tamu ba a bayansa. Irin wannan ɓatan yana faruwa da gaske: tsuntsun kudancin duniya ne, amma guda ya yi ta komawa Hermaness a tsibiran Shetland daga 1972 zuwa 1995, wani kuma ya zauna a duwatsun Bempton na Ingila a 2021 da 2022. Sai dai waɗannan duk bakin teku ne, cikin dubban tsuntsayen teku. Wanda ya turo ya ce shi ma turo masa aka yi. Ba a shigar ba.

Daga yau hoto ba ya shiga kundi sai an turo shi a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse shi ta goge rana da lokacin da ke ciki. A haɗa da hoto na biyu mai faɗi da ke nuna wurin. An kuma daidaita agogon kyamararmu, ashe yana baya da minti 52.

Asabar, 19 da Laraba, 23 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke. Ba kira, ba baƙo.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Rayfield, 7:40. Ƙaramin tsuntsu fari da toka a tsakiyar ruwa, kamar yana iyo. Zuciya ta tafi kan Phalaropus fulicarius, wanda ke cin lokacin sanyi a tsakiyar teku daura da Afirka ta Yamma, yana juyi a kan ruwa kamar katantanwa don ya taso da abinci. An bi sabuwar ƙa'ida, ɗaya yana faɗa ɗaya yana ɗauka. Baki siriri kamar allura, babu baƙin tabo a ido, ba ya juyi. Bayan minti shida ya tako zuwa gaɓa, sai ga dogayen ƙafafu masu kore-kore. Tringa stagnatilis ne, a tsaye yake a kan tudun yashi da ruwa ya rufe, ruwan ya kai masa ciki. Wannan karon saurin kyamara 1/2000, hotuna sun fito har ana ƙirga gashi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Hazo ya fara sauka, ganin nesa a Shen bai wuce mita 300 ba. Ƙura tana shiga madubi, a hure ta tukuna kafin a goge, in ba haka ba gilashin zai karce. 'Yan lambu sun kafa injinan ban ruwa a kududdufan Bukuru, ƙara ta kori komai daga na gabas, an cire shi daga zagaye.

Lissafi zuwa yau: fita 31, awa 62 a bakin ruwa, kuɗi naira 118,000, fiye da rabi na mai. Baƙo na teku da aka tabbatar, babu. Guda ɗaya a rataye.

Abin da ke gaba: a sayi sabon kan ƙafar madubi kafin komai. A tura hotunan 9 ga Oktoba, da rubutun mutum biyun kowanne daban, ga masu sanin tsattsewar ruwa ta hannun abokan aiki a Laminga, ba tare da an faɗa musu zatonmu ba. A ƙara wa katin hoton zoben da masu bincike ke sa wa tsuntsu a ƙafa, a roƙi masunta in tsuntsu ya faɗa raga su karanto lamba da sunan garin da ke jiki kafin su sake shi, kada su cire zoben. Daga Disamba hankali zai koma kan tantabarar teku, sau ɗaya a mako a Shen, da yamma lokacin da suke taruwa su kwana. Zagayen safiyar bayan ruwa zai dawo a Afrilu, in hadarin farko ya haɗu da masu komawa arewa.